Shekarar da Baba Ya Raba Mana Aji Shida

Bana ma hadari wasa yake yi da hankalinmu. Da la'asar sai ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, har mata su fara kwashe shanya, sannan iska ta zo ta kore shi can wajen waɗanda ba su roƙa ba. Tura'a, magudanar da ke kawo wa gonakinmu ruwa, ta cika da laka da ciyawa tun da yaƙi ya watsa masu yashe ta, abin da ke tafiya a cikinta bai kai gwiwar jaki ba. Duk da haka 'yar dawar da na shuka ta daure ta fid da kai. Ƙwayar na fara ɗaukar ruwa jan-baki suka iso, tsuntsayen nan da Larabawa ke kira zarzur, suka cika itatuwan bakin tura'a suna jiran in juya baya.

A makon ne kuma aka sake buɗe makarantar yaranmu bayan dogon rufi. Rakiya da ƙanenta Abba, ƙananan 'ya'yana, duk aji shida aka zuba su, saboda shekarun da suka salwanta an dunƙule su wuri guda. A ƙarshen shekara akwai jarrabawar da ke raba masu wucewa gaba da masu komawa gona. Ni ina ƙwadago a gonar albasar wani, da shi muke cin na yau. Hajara, matata, ƙafarta ba ta kai ta gona. Manyan yaran yaƙi ya watsa su, sai dai saƙo jefi-jefi. Dawa kuwa tana son mutum a kanta daga fitowar rana har faɗuwarta.

Muna shan shayi da safe Hajara ta ce, "To a raba musu mana, Malam. Abba shi tsare da sahe, in anka buga fatur, hutun hantsi, Rakiya ta taho ta canje shi. Kowa ya samu rabin karatu, halas, shi ke nan."

Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun da aka ɗaura mana aure. Ta yi sororo da kofi a hannu, yaran suka zuba mini ido. Baiwar Allah ba ta yi laifin komai ba. Abin da ta faɗa shi ne mahaifina ya faɗa a shekarar fari, lokacin da ni da yayana Idi muke aji shida.

A kambo muka tashi, unguwar 'yan ƙwadago da ke gefen gonakin gwamnati kusa da Wad Haddad. Ba mu da ko taki ɗaya na ƙasa. Gonar, wadda ake kira hawasha, tana hannun wani Balarabe, Hajji Attayib. Baba da Inna su yi masa aikin auduga, mu kuma noma dawa a gefe guda, in an girbe a raba biyu, rabi nasa rabi namu. A kan wannan rabon ne Baba ya yi suna. In mai hawasha da ɗan ƙwadago suka fara ɗaga murya a masussuka, cewa ake a kira Audu, wato Baba. Ya zo ya durƙusa da kwanonsa, ɗaya nan ɗaya can, ya shafe bakin kwanon da gefen hannu, har ya kai ga tsabar ƙarshe babu mai cewa uffan. A gida ma haka yake. In Inna ta dafa ƙwai ɗaya, zare yake sawa ya raba mini da Idi, ya ɗaga ya duba ko gwaiduwar ta karkata.

Idi ya girme ni da shekara biyu, amma rana ɗaya aka rubuta mu, don sai a shekarar aka yarda 'ya'yan kambo su shiga makarantar ƙauyen da ke tsallaken tura'a. Muka yi ta tafiya tare har aji shida. Wanda ya ci jarrabawar wannan ajin makarantar kwana ake kai shi a gari, dahiliyya, inda ake ba yaro gado da littattafai da abinci safe da rana da dare. Babu ɗan kambonmu da ya taɓa taka ta. Malaminmu, Ustaz Bashir, ya sha faɗa a gaban aji cewa 'ya'yan Audu ne za su buɗe wannan ƙofar. Mun ɗauki maganar da gaske, Baba ma ya ɗauka.

Sai damina ta zo kamar ba ta zo ba. An yi yayyafi aka yi shuka, shukar ta fito ta ƙone. Baƙar ƙasar nan tamu ta tsage har ƙafar yaro kan shige cikin tsagar zuwa ƙwauri. Kogi ya ja baya, ruwan tura'a ya ragu, kuma in an sako shi auduga ake fara ba, don ita ce ta gwamnati. Dawa sai ta jira abin da ya rage. Mutane suka fara bayyana daga yamma, da raƙuma da awakin da ƙashi kawai ke riƙe da su, suna zama a gindin bishiya ba sa ko roƙo. Hatsi ya yi tsadar da Inna ta daina tambayar kuɗinsa. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kunu mai kauri, daga baya kaurin ma ya tafi. Inna ta riƙa fita da asuba tana tsinko lalo da tafasa a bakin ruwa, ta dafa da gishiri da barkono. Har yau ba na son jin warin tafasa a wuta.

Baba ya sake shuka a makare, ya bi ruwa da naci da rantsuwa har dawar ta fid da kai. Daji kuwa ya bushe ƙurmus, babu ƙwayar ciyawa ko ɗaya, saboda haka duk jan-bakin duniya kan gonakin ban-ruwa suka juyo. In suka taso sai ka ji ƙara kamar ana zazzaga tsakuwa a kan kwano. Garke ɗaya in ya sauka, kafin ka ɗaure wando ya mayar da zangarniya ƙaiƙayi.

Rannan bayan sallar la'asar Baba ya zaunar da mu. Shi da Inna ba su da ikon barin audugar Hajji, in sun bari a kore mu daga hawashar. Dole ɗayanmu ya kasance a kan dawa.

"Na yi tunani," ya ce. "In wani yay yi kwana guda bai je madrasa ba, ana soke suna nai. Amma in kullum sun ga huskar kowa, babu mai soke kowa. Idirisu, kai ka tsare da sahe, kai ad da ƙarhin hannu. In anka buga fatur, Sale shi taho shi karɓe ka, kai ka tai aji. Rabi da rabi. Da marece kowa shi ba ɗan'uwa nai abin da yas samu."

Mu ma a lokacin mun ga dabarar ta yi. Har alfahari na yi da kan ubana.

Abin da Baba bai sani ba, mu kuma ba mu yi tunaninsa ba, shi ne yadda aka tsara darussan. Fatur shi ne hutun karin kumallo da hantsi, shi ya raba ranar makaranta gida biyu. Kafin fatur, lokacin da kai ke da sanyi, ake yin Larabci da lissafi da addini. Bayan fatur ake yin labarin ƙasa da tarihi da kimiyya da zane. Haka yake kullum, Asabar zuwa Alhamis. Ashe ba yini Baba ya raba mana ba, ilmin ya raba. Ni na tashi da nahawu da shifta da rubutun insha'i, da kasafi mai tsawo, da ɓangarorin lamba, rabi da sulusi da rubu'i, da yadda ake auna faɗin gona, da surori da hadisai. Idi ya tashi da koguna da duwatsu da iskoki, da sarakunan da, da sassan jikin mutum da na tsiro.

Ana buga guntun ƙarfen da ke rataye a bishiyar makaranta, sauran yara su buɗe ƙunshin wakensu, ni in fita da gudu. Abin ya zo mini daidai ta wani gefen, don ba ni da abin buɗewa. A kan gadar tura'a muke haɗuwa. In miƙa masa jakar littattafan da Inna ta ɗinka mana da buhun taki, ya miƙo mini majajjawa da gwangwanin bugawa. Muryarsa ta riga ta dushe da ihu, ƙafafunsa laka har gwiwa, ya tsuguna ya wanke su sama-sama ya wuce. Haka yake shiga ajin rufin kwano da tsakar rana, ciki babu komai sai ruwan tura'a. Ni kuma in hau 'yar rumfar da muka ɗaga a kan sanduna a tsakiyar dawa, in yi ta dunƙula laka ina jifa, rana tana dukan ƙeyata har in ga gonar tana rawa.

In an tashi makaranta Idi ya dawo rumfar, sai mu yi musayar da Baba ya ce. Tsakanin ihu da ihu muke yin ta. Abin da malami ya yi darasi guda yana bayani, a bakin ɗan'uwanka mai jin yunwa jimla uku yake komawa. Idi ya kan sauka ya share laka mai ɗanshi, ya zauna yana fuskantata, ya zana mini taswirar Sudan da tsinke. Ga farin kogi, ga shuɗin kogi, ga inda suka haɗu, ga madatsar Sinnar da ke ba mu ruwa, ga mu nan kamar ƙwayar gero a tsakani. Hannunsa na da kyau ƙwarai. Ya gaya mini zuciya ɗaki huɗu gare ta. Ya gaya mini sauro ke kawo zazzaɓi, kuma dodon-koɗin cikin tura'a shi ke sa yara fitsarin jini, Ustaz ya ce kada mu ƙara shiga ruwan. Muna tsaye a cikinsa har cinya lokacin da yake faɗar haka, muna buɗe wa dawa hanya, muka dubi juna muka yi dariya.

Wata rana ya dawo da gudu, idanunsa na ƙyalli. "Sale! Yau na ga yadda aka yin ruwan sama!" Ustaz Bashir ya shigo aji da kurfoti da buta, ya tafasa ruwa, ya riƙe faranti mai sanyi a kan tururin, sai ga ɗigo yana zubowa daga farantin. "Haka na, wallahi. Rana ka ɗaukar ruwan teku, shi hau bisa, sanyi shi maishe shi ƙasa."

Na ce, "To mi ya hana shi zubowa bana?"

Ya sosa kai. "Ba mu kai nan ba tukuna."

Na juya masa baya na yi kamar ina gyara majajjawa, don kada ya ga hawayena. Ba yunwa ta sa ni kuka ba. Haushi nake ji an yi ruwan sama a cikin ajinmu, a kan teburin da na bari da hantsi, ni kuwa ina nan ina zagin tsuntsu.

Nawa rabin ya fi wuyar miƙawa. Surori da hadisai ba matsala, in karanta ya maimaita. Amma shifta fa? Wa zai yi wa wani shifta a kan rumfa, hannu ɗaya da laka, ido yana sama? Lissafi kuwa dama can ba abokin Idi ba ne. Na kakkarya masa karan dawa, na nuna masa rabi, na nuna masa sulusi, na ce ya haɗa. Ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya miƙo mini amsa yana murmushi. Na yi masa tsawa, ya tuna mini wane ne babba, muka yi kokawa a cikin dawa har jan-baki suka samu abin da suka samu. Ba dakiki ba ne yayana. Mutumin da ya wuni a kan kunun da kana ganin gindin kwano ta cikinsa, lamba ba ta zama a kansa.

Inna ce ta ce a gwada juyawa, ni in tsare safiya shi ya je. Mako guda aka yi. Kowannenmu ya faɗa tsakiyar abin da bai ga farkonsa ba, Idi ya sha bulala a lissafi, ni na sha a tarihi. Garken asuba kuma ya fi ƙarfina, suka cinye mana kusurwa guda ta gonar. Baba ya zo ya tsaya a kan wurin ya daɗe, sannan ya ce a koma yadda ake.

Aka girbe abin da tsuntsu ya bari. Baba ya durƙusa a masussuka da kwanonsa, ɗaya na Hajji ɗaya namu, bai ƙara wa kansa ko tafi guda ba, alhali Hajji ma bai zo ba, yaronsa ya aiko. Inna ta dubi tarin namu, ta dubi mu, ta shiga ɗaki. Kowa ya san ba zai kai mu bazara ba.

Bayan girbi mun samu 'yan makonni muna zuwa makaranta tare, daga safe har tashi. A nan na gane girman ramin. In aka buga komawa daga fatur sai in zama baƙo a ajinmu. Ana maganar nahiyoyi, ana maganar abin da ganye ke yi da hasken rana, yara suna ɗaga hannu, ni ina bin bakin malami da ido. Da safe kuma Idi ne baƙon. Mun fara cike ramin kaɗan-kaɗan, sai auduga ta fashe.

Tsintar auduga ita ce abincinmu na sauran shekara, abin da hannu ya tsinta shi baki ke ci. Baba ya ce a koma rabi da rabi. Idi ya fita da su tun da sanyin asuba, lokacin da yatsu ke ƙagewa, ɓawon audugar yana tsaga gefen farce. Ni in karɓe shi da hantsi in ja buhu har la'asar. Yanzu ko musayar marece ba ma iya yi, muna dawowa muke zubewa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Ustaz Bashir a kan kekensa, yana ratsa kwatamin kambo. Ba a taɓa ganin malamin makaranta a unguwarmu ba. Inna ta rasa abin ba shi, ta aika wajen maƙwabciya aron sukari. Ya zauna a kan tabarma, da Larabci ya yi magana, Baba yana amsa masa da nasa Larabcin na gona.

"Ya Hajji Audu, ba ni ɗaya cikakke. Ɗaya kawai, daga safe har tashi, zuwa ranar jarrabawa. Ko wanne ka ba ni, in Allah ya yarda zan kai shi dahiliyya. Amma yadda kake yi, duka biyun za su zube."

Baba ya ce, "Ustaz, wanne?"

"Kai ne ubansu."

"To shi ya sa."

Idi yana tsaye a bakin zana. Ya matso ya durƙusa, ya yi magana da Hausa. "Baba, a bar Sale shi tai. Ni na yarda, wallahi na yarda. Lissahin nan ba ya shiga kaina."

"Kai yi shiru, ba a tambaye ka ba." Baba bai ko dube shi ba. "Yau kana yarda, don kai yaro na. Ni ka tsayawa gaban Allah, ba kai ba. Ban taɓa zaluntar Balarabe da tsaba guda ba, sai in zo in zalunci ɗiyana? Duka nawa na. Abin da ɗaya yas samu, ɗayan shi samu."

Ustaz ya yi ta magana har shayinsa ya huce. Baba ya raka shi har bakin gada, ya yi masa godiya mai yawa, washegari aka ci gaba yadda ake. Ni ina gefe ina saurare. Ina so a zaɓe ni, ina kuma tsoron a zaɓe ni, na rasa wanda ya fi yawa a raina.

Zafi ya fara shigowa aka yi jarrabawa. Ranar lissafi da Larabci na gama kafin kowa, na waiga na ga Idi ya dafe kai, alƙalaminsa a ajiye. Ranar labarin ƙasa aka ce mu zana taswira, mu nuna arewa, mu faɗi inda kogi ya nufa. Na ji daɗi, don wannan kam na san ta. Na zana ta tsaf yadda na saba ganinta a laka. Sai da muka fito ina ba Idi labari ya tsaya cak. Kullum yana fuskantata yake zanawa, ni kuwa daga ɗaya gefen nake kallo. A kife na haddace ƙasar tamu. Na sa kudu a sama, na mayar da shuɗin kogi yamma, na tura ruwan duka inda ya fito.

A cikin azumi sakamako ya fito, a irin zafin nan da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu tun da hantsi. Rumbunmu ya daɗe da yin fayau, jar dawar agaji ake rabawa a gari, da ita muke buɗe baki. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sa mu a gaba. An tara iyaye a farfajiyar makaranta, shugaban makaranta ya hau kan tebur yana kiran sunayen waɗanda suka ci. Duk sunan da aka kira, guɗa ta tashi daga wajen mata. Ya kira, ya kira, ya sauko.

Baba bai motsa ba har wurin ya watse. Ustaz Bashir ya zo da kansa, idonsa a ƙasa. Ya ce a lissafi da Larabci babu wanda ya kamo ni a makarantar. A labarin ƙasa da kimiyya babu wanda ya kamo Idi. Amma jimla ake dubawa, kuma a jimla kowannenmu ya gaza.

Na ga fuskar Baba ta ɗan saki, kamar wanda ya hango mafita. Ya kama hannun Ustaz da hannu biyu.

"To ai babu mushkila, Ustaz. Na wannan rabi, na wancan rabi. Ku haɗa su wuri guda ya zama ɗaya cikakke. Gida ɗaya ne, uba ɗaya ne. Ku haɗa, ku ɗauki yaro ɗaya."

"Ba a yin haka, ya Hajji."

"Ku zaɓi wanda kuka ga dama. Ba zan ce komai ba. Na yarda yanzu, ku zaɓa."

"Wallahi da ana yi da na yi."

Baba ya sake faɗa, ya sake faɗa, yana sassauta murya, har ya koma yi wa Ustaz Hausa ba tare da ya sani ba. Leɓensa ya bushe ya tsage saboda azumi. Ban taɓa ganin ubana yana roƙon mutum ba sai ranar, kuma da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya tambayi maimaita aji. Ustaz ya ce shekarun Idi sun wuce, ni kuma masu tasowa sun cika benci, amma zai gwada. Ya gwada, bai samu ba.

Muka dawo gida ta bakin tura'a. Kafin damina Idi ya hau motar 'yan ƙwadago zuwa manyan gonakin wajen Abu Hujar. Can ya zauna, can ya yi aure, can zazzaɓi ya ɗauke shi shekarun baya. Ni na gaji fartanyar Baba. Da kaka ta zagayo aka aiko a kira Audu ya raba hatsi, ya ce a gaya musu idonsa ba ya gani sosai. Bai ƙara zuwa masussukar kowa ba har ya rasu, alhali yana iya zura zare a allura.

Na daɗe ina jin haushinsa. Na yi shekaru ina cewa a raina, da ya daure ya nuna ɗaya da yatsa, da yanzu wani a cikinmu yana zaune a inuwa, yana jan sauran. Har gobe ina ganin haka ne. Shi ya sa bayan tsawar da na yi wa Hajara na kwana biyu ina juya abin, jan-baki kuma ba su jira ni ba, sun fara taɓa gefen gonar.

Shekaranjiya bayan sallar asuba na kira yaran. Na ce Rakiya za ta je makaranta daga safe har tashi, kullum, har ranar jarrabawa, ko tsinke ba za ta ɗaga a gona ba. Abba zai tsare dawa, in an girbe ya bi ni albasa. Na zaɓe ta ne don ta fi shi saurin kamawa, ban kuwa ɓoye wa kaina haka ba. Shi na ce masa baɗi, in Allah ya kai mu, nasa ne. Ya san yadda baɗi take a gidan ɗan ƙwadago, ni ma na sani.

Rakiya ta sunkuyar da kai, ta kasa ko murna. Abba bai yi gardama ba. Ya tashi ya ciro littattafansa daga jaka, ya jera su a kan nata, na kimiyya a sama, wanda ya yi wa bango da kwalin shayi. Ya ɗauki gwangwani da gorar ruwa. Ya kai bakin ƙofa sannan ya juyo. Da Larabci ya tambaye ni, don shi ya fi zama a bakinsu yanzu.

"Yaba, ana amalta shinu?"

Baba, me na yi?

Na buɗe baki. Na yi shekara arba'in ina shirya abin da ya kamata ubana ya yi, ban taɓa shirya amsar wannan ba. Ya ɗan jira, da ya ga babu abin da zai fito sai ya ce, "Tayyib," wato to, ya fita. Ina zaune har na fara jiyo muryarsa daga gona, siririya, tana korar tsuntsaye.